Abincin da Aka Auna Mini

Kwana huɗu muka yi a otal ɗin kafin muka yarda Manaja ba zai dawo ba. Manaja shi ne dillalin da ya kwaso mu daga Najeriya, mu shida, da alkawarin zai kai mu gwaji a wani kulob na ƙwallo a gabashin Turai. Ya ce zai je ya karɓo takardu, mu zauna kada mu leƙa ko ƙofa. Muka zauna kuwa kamar an dasa mu. Rana ta biyar mai otal ya watso mana jakunkunanmu bakin titi yana ta sababi da yarensu, ba abin da na fahimta sai hannun da yake nuna mana hanya da shi. Ni kaɗai ne Bahaushe a cikinmu. Sauran biyar kowa ya san wani da ya san wani, kafin la'asar duk sun watse sun bar ni da jaka a kafaɗa.

Sunana Nura, haifaffen Bakori, amma a Funtuwa na yi ƙwallo, lamba bakwai nake bugawa. Ba yabon kai ba, in na ja ƙwallo ta gefen layi, ɗan baya sai dai ya karanta lambar rigata. Saboda wannan ƙafar Baba ya sayar da shanun huɗarsa ana gab da damina, ya koma wa gonar masara da fartanya da tsufansa. To ka gaya mini da wane bakin zan kira gida in ce an yashe ni a titi? In Inna ta kira sai in ce komai lafiya, atisaye ne ya yi yawa. Bizata ta kwana casa'in ce. In wani kulob ya sa mini hannu kafin ta ƙare, na zauna. In ba haka ba, a mayar da ni inda aka ɗauko ni. Tun daga ranar na fara ƙirga kwanaki kamar mai jiran sallama daga asibiti.

Zangona na biyu wani ɗaki ne a saman shagon faci, inda wani ɗan Senegal da muka haɗu a masallaci ya ba ni wurin shimfiɗa kwali. Mu bakwai ne a ciki, takalma sun fi mutane wari. Mako biyu da 'yan kai na yi a nan, ina taya shi sauke tayoyi, yana ba ni burodi da shayi. Shi ne wata rana ya shigo da takarda ya miƙo mini. Jami'ar garin na neman 'yan ƙwallo matasa, za a yi bincike a kansu mako takwas kan cin abinci da barci da yadda suke shafar ƙarfin ɗan wasa. Za a ba da gado, a ba da abinci sau uku. A ƙasan takardar kuma an rubuta cewa kocin kulob ɗin garin zai riƙa duba sakamako, a ƙarshe ya zaɓi mutum biyu. Ban karanta sauran ba. Da na ga gado da abinci da koci a takarda ɗaya, ko cewa suka yi za su cire mini haƙori zan sa hannu.

Mu goma sha takwas aka ɗauka. Wadda ke kula da mu wata mata ce siririya mai gilashi, Dakta Marta, Turancinta da nawa duk gurguwar tafiya suke, amma muna gane juna. Ranar farko aka auna tsawona da nauyina, aka ɗebi jinina, aka ɗora ni kan injin nan da ake gudu a kansa ba a zuwa ko'ina, an rufe mini hanci da baki da wata roba mai tiyo. Aka ɗaura mini agogo a hannu, aka ce shi zai riƙa faɗa musu lokacin da na yi barci da lokacin da na farka, har juyin da na yi. Ƙarfe goma a karɓe wayoyi, a ja baƙin labule. Da safe a ba ka takarda mai zanen fuskoki, daga mai dariya har mai kuka, ka zaɓi wadda ta yi daidai da yadda ka tashi. Na ce a raina, ikon Allah, yau ga mutanen da suka mayar da "ina kwana" aikin gwamnati.

Abincin ne ya fi ba ni mamaki. Ni da na taso ana zuba mana tuwo a kwano ɗaya mu biyar, mai saurin hannu shi ke ƙoshi, yau ga ni ana auna mini shinkafa a sikeli kamar zinariya. Kowa da nasa awon, gwargwadon nauyinsa da gudun da ya yi. Dakta Marta ta yi mana bayani cewa atisaye rushe jiki yake yi, abincin da ka ci bayansa da barcin da ka samu su ke sake gina shi, don haka na rana, wanda ake ci bayan an sauko daga fili, shi ne uban tafiyar. Na safe da na dare a ɗakin cin abinci ake ci a gabansu. Na rana kuwa a roba mai murfi ake kawo mana filin atisaye, da sunan kowa a jiki, da kwalbar wata madara mai kauri, in ka gama ka mayar da robar a sake auna ta. Ta maimaita mana sau biyu cewa ba laifi ba ne mutum ya rage, laifin shi ne ya ɓoye. Na gyaɗa kai da ƙarfi, don a lokacin ban ga abin da zai sa mai hankali ya rage kaza ba.

Mako biyun farko, wallahi jikina har wani ƙaiƙayin gudu yake yi. Ban taɓa sanin ashe duk ƙwallon da na yi a Funtuwa da rabin ciki da rabin barci na yi ta ba. A awon gudu na zo na biyu. Kocin, wani jibgegen mutum mai jan wuya, ya zo kallo, ya dafa kafaɗata ya faɗi wata kalma, aka fassara mini da cewa yana sa ido a kaina. Ranar na yi sallar la'asar ina murmushi ni kaɗai.

Ba na cin na rana cikin sauran, don in na sa hannu a shinkafa sai su yi ta kallona, ni kuma cokali ba ya kai mini saƙo. Sai in zagaya bayan ɗakin ajiye kaya, in yi azahar, in fita ta wata 'yar ƙofa a jikin shingen waya, in zauna kan bencin da ake jiran bas. Ranar wata Talata ina zaune ina sauraren saƙon muryar Inna, tana ba ni labarin an yi shuka amma taki ya gagara, sai na ji an ce daga ɗaya gefen bencin, “Ɗan samari, Hausa kunnena ke ji ko tsufa ne?”

Na waiwaya. Dattijo ne baƙi, furfura ta cinye gemunsa, yana cikin wata rigar sanyi da ta fi shi girma. Na durƙusa na gaishe shi. Da na ce daga Bakori nake, sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Shi mutumin Mahuta ne, sunansa Sule. Ka ji fa, Mahuta, nan bayan Funtuwa, inda muke zuwa wasan sada zumunci a bayan a-kori-kura. Shekararsa tara da barin gida, ta sahara ya bi, ta teku ya tsallaka, ba shi da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Kamfanin kifin da yake wa aiki a ɓoye ya sallame shi. Sa'ar ƙanen Baba ne, don haka tun daga ranar Baba Sule nake ce masa.

Na buɗe robar, na tura ta tsakiyarmu na ce bismillah. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. A gidanmu ko gyaɗa kake ɓarewa wani ya zauna kusa da kai, sai ka yi masa tayi, in ba ka yi ba Inna ta ji, ranar kunnenka zai gaya maka. Ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Na sake, ya sake. A na uku ya sa hannu, kuma yadda ya haɗiye lomar farko ba tare da ya tauna ba na san ya kwana biyu bai ga abinci mai zafi ba. Na kau da kai na yi kamar ina duba waya.

Washegari na same shi a wurin. Jibi ma haka. To ga inda gizo ke saƙar. Da a ce raba daidai muke yi, da da sauƙi. Amma yaro ba ya tseren loma da babba, kuma ba ya kai hannu ga nama babba na zaune. Sai in tsakuri shinkafa ta gefena, in tura masa kazar da ƙwan, in ce ni madarar nan tana ɓata mini ciki, alhali ƙarya nake, har mafarkinta nake yi. In mun gama in suɗe robar tas in mayar, a ɗora a sikeli, a rubuta cewa Nura ya cinye.

Kada ka ce ban san ina ɓarna ba. Na sani sarai. Amma in je in ce wa Baturiya ga wani dattijo can ba shi da takarda, ba shi da abin ci? Gobe in ga 'yan sanda sun tasa ƙeyarsa, in ce na yi me? Ban da haka, mutum ya ci abinci a hannunka cikin rufin asiri, kai kuma ka je ka kai rahotonsa ofis, ai ko maƙiyinka ba ka yi wa haka ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce a raina, mu da muke buga wasan ƙarshe da azumi a baki, rabin kwano ne zai kayar da ni?

Kuma in faɗi gaskiya, ina jin daɗin zaman. Baba Sule akwai baki. Zai tambaye ni ko har yanzu ana kai auduga injin gurza na Funtuwa, ko mai tsiren nan na bakin tasha yana raye, nawa ake sayar da tiyar masara a kasuwar Bakori. In na faɗa masa sai ya riƙe haɓa ya ce duniya ta tashi. Yana tsokanata wai Bakorawa ba mu iya komai ba sai cika baki da cin ɗanyen rake, ni kuma in ce mutanen Mahuta in sun ga kwalta sai sun tuɓe takalmi. Mu yi ta dariya har masu jiran bas su matsa gefe. A duk garin nan, wannan rabin awar ce kaɗai nake jin ni mutum ne mai asali.

A mako na huɗu ƙafafuna suka fara nauyi. Na dare ba ya riƙe ni, yunwa ta tashe ni tun kafin asuba, in yi ta juyi, munafukin agogon nan kuma yana rubutawa. Da safe a kawo takardar fuskoki in zaɓi mai dariya. Yo mu da ko a gadon asibiti aka gaishe mu sai mu ce da sauƙi, zan zauna ina zana wa mace fuskar kuka? Nauyina ya fara sauka. Dakta Marta ta kira ni ta tambaya ko ina cin wani abu a waje, ko ina amai, ko akwai abin da ke damuna daga gida. Na ce babu. Ta duba takardunta ta ce to za ta ƙara mini ƙwai da nama a na rana. Na yi godiya, na kai wa Baba Sule.

A 'yan kwanakin nan ne ya fara cewa ya ƙoshi tun bai yi loma biyar ba. Na ce a raina kunya ce irin ta manya, ya ga kamar ya ɗora mini nauyi. Sai na riƙa zuwa da leda a aljihu, in juye masa sauran in ɗaure, in cusa masa a rigar sanyi in ce ya ci da dare. Ya ce, “Ɗana, kai fa ke gudu.” Na ce ai mu a ciki har ture abinci muke yi. Ya karɓa ya sa mini albarka.

Mako na shida aka sake ɗibar jinina har sau biyu. Aka kai ni wani asibiti aka duba zuciyata, aka nemi tsutsar ciki, aka nemi zazzaɓin cizon sauro, ba a ga komai ba. A kan injin gudu, inda da nake kaiwa ina wasa, yanzu kafin in kai sai in ga ɗakin yana juyawa. A takarda ga yaro yana cinye abincinsa tas, yana cewa barci lafiya lau, amma kullum baya yake yi. Kocin ya daina dafa ni. In ya zo sai ya tsaya da Dakta Marta suna duban allo, ya ɗaga kafaɗa. Kullum in ce gobe zan faɗa mata, gobe ta yi in tuna fuskar dattijon in fasa.

Ranar wasan ƙarshe da aka haɗa a tsakaninmu don koci ya yi zaɓensa, aka sa ni bayan hutun rabin lokaci. Ba zan manta ƙwallo ɗaya ba. Ɗan tsakiyarmu ya zura mini ita ta bayan ɗan baya, irin wadda a Funtuwa ko da silifas zan cim mata. Na ce wa ƙafata tashi, ta ce ba da ita ba. Ina kallo wani yaro da na fi gudu nesa ba kusa ba a makon farko ya wuce ni ya share ta waje. Minti ashirin aka cire ni. Da yamma aka kira sunaye biyu, babu nawa.

Washegari Dakta Marta ta kira ni ofis. Ta juyo mini da allon kwamfuta, ga layin kowa yana hawa, nawa ya hau ya faɗo kamar an harbo shi. Ta ce ta kwana biyu ba ta rintsa ba a kaina, tana tsoron akwai wata cuta a jikina da ba su gano ba, kuma dole ta rubuta haka a takardar da za ta ba ni. Da na ji za a liƙa mini cutar da ba ni da ita, sai na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, ban dai faɗi sunansa ba. Ta cire gilashi ta ajiye. Ta tambaya tun yaushe, na ce mako shida.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce duk awon da aka yi a kaina ya tashi a banza, sai dai a zubar. Sannan ta ce, a hankali yadda zan gane, “Nura, kullum sai mun zubar da abincin da ya ragu a kicin. Da ka ce mini kana son roba ta biyu, da na ba ka. Ba zan tambaye ka ta wa ce ba.”

A gabana ta kira kocin, ta daɗe tana roƙonsa. Ta ajiye wayar ta ce ya riga ya tura takardun waɗancan biyun, ba sauran gurbi sai wata shekara. Saura kwana tara bizata ta ƙare. Ta rubuta mini takarda cewa lafiyata ƙalau, ta haɗa ni da ofishin da ke mayar da irinmu gida, ta raka ni har ƙofa. Mutuniyar kirki ce, ni na ɓata mata aiki, ita ke ba ni haƙuri.

Da azahar na ɗauki jakata na zagaya bencin. Yana nan zaune, ya hango ni ba roba a hannu, sai jaka. Na yi niyyar in ce masa an canza mana gari ne, mu rabu a haka. Amma da ya tambaya, zuciya ta ciyo ni, na zayyane masa tun daga sikeli har wayar koci. Ina so ko mutum ɗaya a duniya ya san abin da na bayar.

Ya dubi takalmansa. Sannan ya ce, “Ɗana, ka yafe mini. Tun mako na biyu da haɗuwarmu na samu wankin tukwane a wani gidan abinci can bakin ruwa. Sau biyu suke ba ni abinci.”

Na ce to ledar da nake ɗaure masa fa? Ya ce akwai kyanwoyi a bayan gidan abincin.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini. Ya ce ai ya yi ta cewa ya ƙoshi, ni ne ban yarda ba, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na yaron da ya ɗauke ka uba. Ya share ido da hannun rigar nan tasa.

“Shekara tara ba wanda ya ce mini Baba,” in ji shi. “Ba abincin nake zuwa ci ba. Tsoro na ji, in ka san na ƙoshi za ka daina fitowa.”

Wallahi na buɗe baki da niyyar in gaya masa maganar da har ya mutu ba zai manta ba. Ta taho har maƙogwaro, da zafinta. Amma ga furfura, ga hawaye. Abin da na ji ya fito daga bakina shi ne, “Ba komai, Baba. Haka Allah ya rubuta.”

Ya ce Allah ya yi mini albarka, na ce amin. Bas ta zo, na shiga, ban zauna ta gefen taga ba.